Bana Kawu Bai Je Shisha Ba

Ranar farko ta zaman makoki, ina zagayawa da gahawa da dabino a ɗakin mata, na ji wata tsohuwa ta sunkuya tana ce wa ta kusa da ita, "Wai a gaban talabijin ya cika." Ɗayar ta dafe ƙirji ta ce, "Subhanallahi. A Makka?" Na dire butar gahawar a gabansu har kofuna suka yi ƙara, na ce, "Hajiya, ku sha, ku yi masa addu'a. Wadda ta san inda za ta mutu a cikinku ta faɗa mana mu shirya mata wurin." Ba su ƙara ba, a gabana dai.

Ba kowa ne ya zo da irin wannan bakin ba. Maƙwabciyarmu mutuniyar Cadi, wadda bango ɗaya ya raba ɗakinta da na Kawu, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ta ce shekara da shekaru tana tsine wa ihunsa na bayan asuba, yau ga shi ta farka shiru ya hana ta komawa barci. Mai kantin bakin layi, ɗan Yaman, ya rufe kantinsa ya zo ya taya jera kujeru. Wanzaminsa kuwa ya tsaya a bakin ƙofa ya aiko mini da saƙo: "A gaya wa 'yar gidan, almakashina yana nan yana jiransa, bai zo ba."

Wanda ya rasu kawuna ne, yayan mahaifiyata. Kawu Babba muke ce masa, don akwai Kawu Ƙarami, autansu, wanda ke zaune a unguwar Shisha, a nan Makka. Kawu Babba bai bar ɗa ba, matarsa ta riga shi, shi ya sa da ƙafafunsa suka fara gazawa na ɗauko shi ya dawo gidana a unguwar Mansur. A hannuna ya ƙare. Ni ba marubuciya ba ce, sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin manya na koyi riƙe biro. Amma na ji abin da ake faɗa a kansa, kuma ba zan bari wannan ya zama shi ne abin da ya rage ba.

Ku da ke karanta wannan daga gida, ku san yadda ake gaisuwar mutuwa a nan. Kwana uku ake yi. Tsakanin magariba da isha ake tare layi, a jera kujeru, a rataya fitilu. 'Yan uwan mamaci maza sai su tsaya a sahu ɗaya, mafi kusanci da girma a farko. Masu gaisuwa su biyo layi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ba da hannu ko ya dafa kafaɗa, ya ce Allah ya girmama ladanku, har ya kai ƙarshen sahun. Ni ta tagar bene nake leƙawa. Ranar farko ɗana ne a farkon sahu, sai surukina, sai wasu tsofaffi biyu da suka yi aiki da Kawu. Wurin Kawu Ƙarami ne ɗana ya tsaya, kowa ya san haka. Duk wanda ya ba shi hannu sai ya waiga ya duba ko akwai wani a gabansa. Rana ta biyu ma haka. Mutumin da ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya yake gari ɗaya da shi, ya ƙi tsayawa a sahunsa, mutane ba sa tambayar me ƙanin ya yi. Cewa suke yi, me mamacin ya yi?

To bari in faɗa muku wane ne shi.

A hanya aka haife shi, a Sudan, lokacin da kakanninmu ke tahowa a ƙafa. Ya tashi a nan, kuma sana'arsa guda ce duk rayuwarsa: ƙanƙara. Kafin kowane shago ya samu firji, shi da irinsa ne ke shayar da alhazai ruwan sanyi. Manyan sanduna na ƙanƙara ake yi, kowanne ya kai tsawon yaro, a naɗe shi a buhu, a saɓa a kafaɗa, a kutsa cikin mutane a Mina da Muzdalifa inda mota ba ta iya shiga. Kafaɗarsa ta dama ta mutu tun muna yara. Mukan tsikare ta da tsinke don wasa, ba ya ji. Yakan ce duk mai sana'a da mutane yake ciniki, shi kaɗai ne ke ciniki da rana, kuma kullum ita ke cin riba. In ya ga tsohuwa ta zube a gefen hanya, sai ya fasa gefen sandar ya ɗora mata a ka, ya wuce. Mahaifiyata takan yi masa faɗa, ta ce haka zai mutu ba shi da komai. Ya ce, "Ai ko ban ba ta ba narkewa za ta yi."

Da wannan kafaɗar ya yi wa Kawu Ƙarami karatu. Wannan kowa ya sani, kuma ba a faɗa.

Wasan da yake kallo a talabijin kuwa, tsufa ne ya kawo shi. Wata rana ɗana yana canza tashoshi, sai ga wani fili fari fat, mutane sanye da sulke suna gudu a kai kamar iska na tura su, kowa da sanda. Kawu ya ce, "Tsaya! Wannan ƙasan mene ne?" Aka ce masa ƙanƙara ce. Ya ce ƙarya ne. Aka rantse masa. Ya matso da kujerarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, yana ta kallon filin. Can ya ce, "Fili guda. Kuma ba ta narkewa." Na ga idonsa ya kawo ruwa. Tun daga ranar wasan nan ya ɗauke mana Kawu.

Hoki ake ce wa wasan, ƙwararrun can Kanada da Amurka ke yin sa. Kawu bai iya Turanci ko kalma ɗaya ba, don haka ya raɗa wa komai suna. 'Yar baƙar abar da suke bugawa, ƙonanniyar waina. Ɗan akwatin da ake zaunar da wanda ya yi laifi, tauƙif, kamar inda ake tsare wanda aka kama ba takarda. In aka kai wani can sai ya ce, "Minti biyu kawai, ya shehi! Ga ruwan sha, ga tawul. Ina ma tauƙif ɗin nan garin haka yake." Motar da ke fitowa lokacin hutu tana goge filin, ita ce mai guga, kuma in tashar ta yanke ta saka talla a wurinta, ranar sai mun ji a jikinmu.

Ƙungiyarsa masu shuɗiyar riga ne, daga can yammacin Kanada. Yarana yake ce musu. Na tambaye shi me ya sa su. Ya ce sauran duk tsakar dare suke wasansu, waɗannan kuwa sai an idar da sallar asuba a nan suke farawa. "Yara ne masu tarbiyya," in ji shi. "Suna jira in yi sallama."

Da idonsa ya fara dushewa, ni ce na zama mai karanta masa lambobin saman gilashi. A lokacin ina sabuwar shiga ajin manya, mata na yi mini dariya a layi, suna cewa kaka da jakar makaranta. Kawu ne ya saya mini jakar. Kullum da asuba sai ya ƙwala mini kira, "'Yar Inna, zo ki yi aikin gida! Nawa da nawa? Saura minti nawa?" In na yi kuskure ya ce, "Sake dubawa, ba sauri muke ba, su ne ke sauri." A gaban wannan talabijin ɗin da ake zaginsa da ita na daina tsoron lamba.

Duk shekara, in aka gama wasannin share fage, sai a shiga zagayen fitar da gwani. Ƙungiya biyu su yi ta karawa, wadda ta riga cin wasa huɗu ta wuce, ɗayar ta koma gida. A 'yan shekarun nan lokacin yana faɗowa tsakanin azumi da aikin Hajji. Nan ne Kawu ke zama wani mutum. Ya lura 'yan wasan ba sa aske gemu sai an fitar da su, shi ma ya ɗauka. Mutumin da duk Juma'a sai wanzami ya daidaita masa gemu, sai ya bar shi ya yi ta tohuwa ta ko'ina. Gashin baki kawai yake ragewa, ya ce wannan sunna ce, ba ruwan yarana da ita. Na ce masa, "Kawu, wannan camfi ne." Ya ce, "Ba camfi ba ne, kara ce. Suna can suna zubar da haƙora, ni in zauna ina gyaran fuska?"

Amma abin da ya fi so a wasan duka ba cin ba ne. In aka gama karawar, aka fitar da ƙungiya ɗaya, sai duka ɓangarorin su cire safar hannu su yi sahu biyu, su bi juna suna gaisawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fasa wa wani baki jiya, yau ya rungume shi yana yi masa magana a kunne. Kawu yakan miƙe tsaye don wannan, da sandarsa, da ciwon gwiwarsa. Ya ce, "Dubi, 'yar Inna. Gaisuwar mutuwa suke yi, irin tamu. Sai dai su mamacin yana tsaye ana ba shi hannu."

Rigimarsa da ƙaninsa a wajen wani suna ta faru, a Shisha, gidan Kawu Ƙarami. Jikansa aka haifa, falo cike da surukai, mutanen ofis masu fararen riguna. Wani ya tsokani Kawu Babba da zancen gemunsa, shi kuma ya tashi zai nuna musu yadda ake buga waina. Ya kai sandarsa baya, ta kwashe butar gahawa, ta juye a rigar uban surukin ƙaninsa. Aka yi dariya. Kawu Ƙarami bai yi ba. Ya ce, a gaban kowa, "Ka tsufa a maƙwabtan Harami kana kallon Turawa suna dukan juna. Dubi fuskarka kamar mahaukaci. Wallahi ina jin kunyar a ce kai yayana ne."

Da Kawu Babba ya yi shiru, da shi ke da gaskiya har abada. Bai yi ba. Ya buga kafaɗarsa ta dama ya ce, "Da wannan mahaukaciyar kafaɗar ka yi karatun da kake jin kunyata da shi. Rigar da ke jikinka ma ruwan ƙanƙara ce."

Gori ne, a gaban surukai. Abin da bai taɓa faɗa ba tsawon rayuwarsa, ya faɗe shi a rana mafi muni. Jaririn da aka yi wa sunan yanzu yana zuwa makaranta da ƙafarsa, kuma tun ranar kawunnan nawa biyu ba su sake haɗa ido ba.

Kawu bai taɓa cewa shi aka zalunta ba. Cewa yake yi, "Shi zagina ya yi, zagi yana wankuwa. Ni kuwa karɓe kyautata na yi." Sai ya ɗauki wata al'ada. Duk shekara, ranar da aka fitar da yaransa, in ya gama kallon sahun gaisuwa, sai ya aika a kira wanzami. A gyara gemu tsaf, ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Idi, ya sa turare, bayan la'asar ya hau tasi zuwa Shisha. Ya ƙwanƙwasa. A ce masa maigidan ba ya nan, alhali ga takalmansa a bakin ƙofa. Ya ce, "To, a ce masa yayansa ya zo gaisuwa." Ya dawo. In na fara masifa ya ce, "Halas, shi ke nan, 'yar Inna. Sai baɗi." Yaransa ba wasu gwanaye ba ne, da wuri ake kora su, don haka ziyarar ba ta wuce 'yan makonni bayan ƙaramar sallah.

Bana sai suka ƙi faɗuwa. Suka wuce zagayen farko, suka wuce na biyu, suka wuce na uku, abin da ba su taɓa yi ba tun da ya san su. Kawu ya yi ta murna kamar yaro, gemu ya sauko har ƙirji, ya hargitse. Amma jikinsa yana ƙarewa, ina gani. Ba ya gama shayinsa. Numfashinsa yana fita da ƙara. Na ce, "Kawu, ka je Shisha. Kada ka jira." Ya ce, "Da wannan fuskar? In je in tabbatar masa da maganarsa?" Na ce to a kira wanzami. Ya ce, "In yasar da yarana suna bakin ƙofar kofi?" Na ce masa yaran nan ba su san an haife shi ba. Ya yi dariya ya ce, "Ni na san an haife su. Saura kaɗan. Ko su ci ko a cinye su, za a yi sahu, ni ma in je nawa."

Ina jin haushinsa a kan wannan har yanzu, kuma ba zan ɓoye ba don ya mutu.

Ran da ya rasu ya yi asubarsa a zaune kamar kullum, ya yi lazimi, ya kunna talabijin. Aka tafi hutun farko, ya ce in haɗa shayi kafin mai guga ta gama. Na shiga kicin. Da na dawo kansa ya jingina da kujera, carbi a hannunsa, mai guga tana ta zagaye a farin fili. Ban san kalmarsa ta ƙarshe ba, ba zan ƙirƙiro muku ita ba. Na san ya yi sallah, na san alwalarsa ba ta karye ba, na san abin da yatsunsa ke riƙe da shi. Sauran yana wurin Wanda ya fi ni da ku tausayinsa. Aka yi masa sallah a Harami bayan azahar, aka kai shi da gemunsa yadda yake.

Rana ta uku da hantsi na yafa abayata na hau tasi zuwa Shisha. Matar Kawu Ƙarami ta buɗe, ta fara cewa ba ya nan. Na ce, "Inna, ni ba Kawu Babba ba ce, ba ni da haƙurinsa." Na wuce ta na shiga falo. Yana zaune shi kaɗai, ba hula, ya rame.

Na ce, "Kawu, yau ce ta ƙarshe. Mata suna cewa ya yi mummunan ƙarshe, maza suna cewa ko ƙaninsa ya guje shi. Ɗana ne a wurinka, yaron da ko Hausar kirki ba ya iya mayar wa tsofaffi. Me kake jira?"

Ya ce, "Na yi masa sallah a Harami. Ina can baya."

Na ce, "Can baya wa ya gan ka?"

Ya ɗago ya ce, "Da wane hannu zan karɓi gaisuwarsa? Mutumin da ya mutu yana fushi da ni?"

Na ce wa ya ce masa haka.

Ya ce, "Bana bai zo ba." Ya dubi ƙofa. "Duk shekara yana zuwa bayan sallah. Ina jin tasi ta tsaya, ina jin sandarsa a matakala. Bana na ce in ya zo ni zan buɗe da kaina. Tambayi innarki, tun bayan sallah ban fita da la'asar ba. Na jira, na jira. Na ce shi ke nan, ya gaji da ni, kuma yana da gaskiya."

Na zauna a ƙasa. Ashe duk shekarun nan bai san me ke kawo yayansa a wannan lokacin ba. Na faɗa masa komai: gemun, da wanzamin, da sahun da 'yan wasa ke yi, da yadda Kawu ke miƙewa tsaye. Na ce, "Bai gaji da kai ba. Rigar Idinsa tana rataye a goge tun azumi. Yaransa ne suka ƙi faɗuwa."

Ya dube ni kamar bai ji Hausa ba. Ya ce, "Wato da an cinye su da wuri..."

Na ce, "Da ka buɗe masa."

Ya yi wani sauti, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Ya ce, "Kai, Yaya. Kai, Yaya." Na tashi na bar shi. A bakin ƙofa na ce, "Shisha zuwa Mansur tasi ɗaya ce, Kawu. Kai ma kana da ƙafa, shi ma yana da almakashi. Ku biyun duk kun ba ni haushi. Magariba ake farawa."

Bayan magariba ina taga. Layi ya cika, don ranar ƙarshe ce. Sai ga tasi ta tsaya a bakin titi, ya fito. Ɗana ya gan shi, ya ja da baya ya buɗe masa wurin farko. Bai je can ba. Ya bi bayan masu gaisuwa ya shiga layi kamar baƙo, bayan mai kanti ɗan Yaman. Ya bi sahun, ya ba ɗana hannu, ya ba surukina. Da ya iso kan tsofaffin nan biyu masu ƙanƙara, ya kama kafaɗar ɗayansu ta dama ya kifa kansa a kai, ya daɗe, layin duka ya tsaya cak ana jiransa. Sannan tsohon ya kama hannunsa, ya ja shi har farkon sahu ya tsayar da shi. Aka ci gaba. Tsohuwar da ta yi zancen talabijin tana kusa da ni a tagar. Ta ga komai da idonta.

Bayan an kwashe kujeru, na ci gaba da kunna talabijin da asuba, ba murya, kujerarsa a inda take. Ina karanta lambobin a fili, ban san wa nake karanta wa ba. Yaransa sun kai wasan ƙarshe, aka cinye su. Na miƙe tsaye da aka yi sahu.

Da hantsi wayata ta yi ƙara. Kawu Ƙarami ne. Muka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi yara, ya tambayi zafi. Can ya ce, "Waɗannan mutanen nasa fa?"

Na ce, "An cinye su, Kawu."

Ya ce, "Sun gaisa?"

Na ce, "Sun gaisa."

Ya ce, "To. In an jima bayan la'asar ki sa ɗanki ya zo ya kai ni maƙabarta. Zan biya wurin wanzami tukuna."

Ya Allah, bawanka ya yi rayuwarsa yana kai wa baƙinka sanyi a kafaɗarsa. Ka sanyaya masa makwanci, ka yafe masa gorin da ya yi da jiran da ya yi, ka haɗa shi da ƙaninsa a inda ba a cewa maigida ba ya nan. Wanda ya karanta, ya ce amin.